Ƙwayar Gero Miliyan Uku da Dubu Ɗari Shida

Ran wata Laraba cikin watan Mayu na 2005, shekarar yunwar nan da ta biyo bayan fara, na zauna gindin rumbunmu a Madarunfa da cokali da allon lakwal, wato makarantar boko, ina ƙirga ƙwayar gero ɗaya bayan ɗaya. Ina aji biyar lokacin, duk ajin babu mai ja da ni a lissafi, shi ya sa kaina ya kumbura. Rumbun ya daɗe da zama wayam. Abin da ya rage mana tiya goma sha biyu ce ta iri cikin randa, wadda Baba ya liƙe bakinta da laka kafin ya tafi ci-rani Najeriya, ya ce ko ana mutuwa kada a taɓa. Ni na fasa lakar, wai ina son in san ƙwaya nawa ce a ciki.

Cokali ɗaya ƙwaya dubu da ɗari biyar, tiya ɗaya cokali ɗari biyu. Da na ninka duka sai allon ya cika: miliyan uku da dubu ɗari shida. Wayyo daɗi! Sifili biyar reras a jere. Tana rabuwa biyu, tana rabuwa uku, huɗu, biyar, shida, babu ragowa ko ɗaya. Mushe, malaminmu, ya taɓa cewa mai ƙirga miliyan ba ci ba barci sai ya haura kwana goma sha ɗaya, ke nan namu ya fi kwana arba'in. Washegari, da na je ɗebo kara, na taka gonarmu da ƙafa, na samu rami dubu arba'in. Kowane rami ƙwaya talatin. Kashi ɗaya cikin uku kacal shuka za ta ci.

Na kai wa Inna allon tana dafa tafasa, abincinmu ke nan sati uku. Ƙanena Sani yana kwance kan tabarma, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ko ƙuda ba ya iya korewa. Na ce mata tiya huɗu ta ishi shuka, sauran takwas rara ce. Inna ba ta san boko ba, amma ta daɗe tana kallon allon. "Hadiza, kin tabbata?" Na rantse mata. Tun daga ranar kullum sai ta ɗebi kaɗan ta dama masa kunu, mu ma mu lashi ludayi.

Baba ya dawo da ruwan farko. Inna ta auna masa tiya huɗu da hannunta, muka shuka, gero ya tsiro gwanin sha'awa. Sai sama ta ɗauke kwana ashirin, tsiron ya ƙone ƙurmus. Da ruwa ya dawo, Baba ya shiga rumbu ɗauko irin shuka ta biyu, ya tarar da abin da bai cika tiya ba. Inna ta ce ita ce ta ɗiba. Na fito da allona ina kuka ina nuna masa. Bai dake ni ba, da ma ya daka. Cewa ya yi, "Ƙidayarki daidai ce. Amma yaushe kika ga an shuka gero sau ɗaya a ƙasar nan? Shuka uku na ajiye." Daminar nan a gonakin mutane ya yi noma don tiyar hatsi, tamu ciyawa ta cinye ta. Sani bai ga kaka ba.

Yau ni ke koyar da lissafi a Maradi. Yara na danna waya, miliyoyi su fito kafin ƙiftawar ido, ba su taɓa ɗaukar ƙwaya ɗaya da yatsa ba. Baba ya rasu bai sake ɗaga mini maganar ba, ni kuwa har gobe ina jin nauyinta a ƙirji. Da ma na jira shi na tambaya.