Lurwanu Mai Magani da Benen Alƙahira

Tsofaffin unguwar Misfala a Makka sun san Lurwanu mai magani, dogo, marar yawan magana. A nan aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Wada, Bakatsine ne da ya zo aikin Hajji a ƙafa ta Sudan, bai koma ba, ya kafa tukubar tsire a bakin kasuwa. Lurwanu ya tashi da Hausa a gida, Larabci a waje, ga ƙwaƙwalwa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sa shi cikin samarin da aka tura Masar karatu, shi a fannin haɗa magunguna.

A gidan da aka sauke ɗaliban Hijaz, wato yankin Makka da Madina, a Alƙahira ba wanda ya taɓa zaginsa. Amma in za a fita yawo sai a manta da shi, in an tuna kuma a ce, "Ina Batakarunin nan?" Haka suke kiran duk wanda asalinsa na Afirka ta Yamma ne. Yakan ci abincinsa ya shige ɗaki. Har ya fara tunanin tattara kayansa ya koma gida.

A ɗakin gwaji na jami'a teburinsu ɗaya da wani saurayi mai tabarau, Murad, sarkin dariya da fasa kwalabe. Wata Alhamis Murad ya dube shi ya ce, "Kai kullum kamar wanda aka yi wa rasuwa. Zo mu je ka ci abincin kirki."

Suna hawa matakalar wani bene a bayan jami'a, Murad ya tsaya.

"Gara in faɗa maka tun yanzu. Nan matattarar ɗalibai Yahudawa ce. Ni ma Bayahude ne."

Lurwanu ya dafa bango. A iya saninsa bai taɓa ganin Bayahude ba, ashe wata da watanni kafaɗarsa na gogar ta ɗaya.

"Ni fa ɗan Makka ne," in ji shi.

"Na sani. Kuma yunwa kake ji. Hau, mu ma ba ma cin alade."

A sama ya tarar da littattafai jibge, samari da 'yan mata na musu da ƙarfi, da wata tsohuwa mai dafa musu abinci, Sitti Rahel. Ta ajiye masa shinkafa da miyar lalo, wadda Misirawa ke kira mulukiyya. Loma ɗaya ya kai baki ya tuna miyar mahaifiyarsa, idanunsa suka ciko. Tsohuwar ta ƙara masa miya.

Da la'asar ta yi ya miƙe zai nemi masallaci. Sitti Rahel ta shimfiɗa masa farin zane a ɗakin ciki, ɗalibai biyu suka hau gardama a kan inda alƙibla take. Lurwanu ya fashe da dariya, karo na farko tun zuwansa Masar.

"Hanyar gidanmu kuke neman nuna mini?"

Daga nan ya zama ɗan gida. A wurin ya yi bitar jarrabawa, a wurin ya yi jinyar zazzaɓi. Ran Asabar, da yake addininsu ya hana su kunna wuta, shi ke ɗora shayi. Da azumi kuwa Sitti Rahel ba ta barin kowa ya taɓa tukunya sai an kira magariba.

Sai yaƙi ya ɓarke a Falasɗinu. Lurwanu ya yi kukan mutanen da aka kora daga ƙauyukansu, kuma ya faɗa a benen a gaban kowa. Wasu suka daina gaishe shi. A gari kuma aka fara matsa wa Yahudawa su bar Masar. Murad dai ya ce, "Ni Bamisire ne, ɗan'uwa. Kakan kakana a nan aka binne shi. Ina zan je?" Kujeru suka riƙa zama babu kowa, yau wannan ya hau jirgin ruwa, gobe wancan. Wata rana Lurwanu ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Bai sake ganin Sitti Rahel ba.

Ana cikin haka Malam Wada ya rasu, Lurwanu ya dawo Makka don ya riƙe gida. Murad ne ya raka shi tasha.

"Ka gaishe mini da Hajiya. Ka ce mata ina son ɗanɗana miyarta," ya ce, yana dariya. Su duka sun san ba zai taɓa iya shiga Makka ba.

Lurwanu ya kama aiki a kantin magani, ya auri Ramlatu, 'yar maƙwabtansu. Duk lokacin Hajji yana Mina yana duba alhazan da rana ta kayar. A can ne, shekaru bayan haka, ya gamu da wani likita Bamisire da suka yi aji ɗaya. Bayan gaisuwa ya tambayi Murad.

"Ba ka ji ba? Ya ƙi tafiya har sai da aka kore su bayan yaƙin Suwais. Bai daɗe a Faransa ba ciwon ƙirji ya ɗauke shi."

Ana ta kiran Lurwanu daga cikin tanti. Ya shiga ya ci gaba da ba mutane magani har aka watse daga Mina.

Da ya koma gida ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Ramlatu, wadda ke kiransa da sunan ɗansu, ta ce, "Abu Garba, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ɗan'uwana."

Ta san ba shi da wa, ba shi da ƙane. Ta zauna gefensa, ya ba ta labarin tun daga matakala. Ba wanda ya zo masa ta'aziyya, don ba wanda zai iya faɗa wa. Ita kaɗai ta ce masa, "Allah ya ba ka haƙuri."