Layin da Aka Ware wa Hausa

Ranar Talata ce a tsakiyar watan Oktoba, da ƙarfe biyu da rabi na rana, a wani ƙaramin ɗaki da muka ara a ɗakin karatu na gari a Greensboro. Mu uku ne: ni, da nake riƙe da shugabancin ƙungiya a wannan shekara, da sakatarenmu, da dattijuwar da ta kafa ƙungiyar tun kafin in zo ƙasar nan.

Ƙungiyar ta masu irin aikinmu ce. Kowace kwaleji mai karatun shekara biyu a jihar tana da ofis guda, sau da yawa mutum ɗaya ne tal a cikinsa, wanda aikinsa ƙirga ɗalibai: nawa suka shigo, nawa suka dawo zango na gaba, nawa suka gama, nawa suka tafi ba sallama. Mu ne waɗannan mutanen. A kwalejojinmu ba a cika sanin fuskokinmu ba, sai an matsu da wani rahoto a tuna muna nan. Saboda haka muke haɗuwa sau ɗaya a shekara mu ga juna. Shugabancin ba takara ake yi ba, lallashi ake yi har wani ya gaji ya karɓa. Aikin shugaba shi ne neman zaure, da tsara wanda zai yi magana bayan wane, da roƙon mutane su daina tura amsar imel ga kowa da kowa.

Abin da ya tara mu ranar shi ne duba jawaban da za a gabatar a taron Nuwamba. Al'adarmu ce duk jadawalin da za a haska a allo sai mutum uku sun gan shi tukuna, domin bayan taro ana sa shi a shafin ƙungiya, kowa na iya buɗewa. Muna da ƙa'ida ɗaya da ko sabon shiga ya haddace: rukunin da bai kai mutum goma ba, ba a rubuta adadinsa, sai a sa alamar tauraro a gurbin. Dalilin shi ne kada wani ya duba lamba ya gane mutum.

Sakatare ya iso daga McLeansville da ƙurar gona a takalminsa, don yana kiwon kaji a bayan gida. Muka wuce jawabai huɗu ba wata matsala. Na biyar na dattijuwar ne, kuma shi ne na ƙarshe da za ta yi mana, don za ta ajiye aiki a ƙarshen shekara. Ita ta koya mini wannan aiki. Jawabinta a kan matan da suka haura shekara arba'in ne, masu karatun aikin jinya a kwalejinta, da yadda suke barin karatun a tsakiya. Tana ganin laifin na lokacin horo ne a asibiti, wanda ake farawa da asuba, lokacin da mace mai iyali ba ta da yadda za ta yi. Ta ce mako guda bayan taronmu za ta kai jadawalin gaban shugabannin baƙi mazauna gari, limamai da fastoci da dattawa, waɗanda kwalejin ta gayyata.

Da ta zo shafi na shida sai ta tsaya, ta cire tabarau, ta juyo gare ni.

“Duba layi na huɗu,” in ji ta. “Kyautar bankwana ce.”

Jadawalin ya raba matan bisa harshen da suke yi a gida. A layi na huɗu an rubuta Hausa.

Shekara da shekaru ina ƙorafi a taronmu cewa ana ware wa wasu harsuna layinsu, mu kuwa a tattara mu a ƙasa a ce “sauransu”. Na faɗa a zaure, na faɗa a wurin shan kofi, har ya zama abin tsokanata. To ga shi ta ji, ta koma cikin takardun shiga makaranta ta tsamo mu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na karanta kalmar sau biyu. Sannan idona ya bi layin zuwa dama. A gurbin adadi akwai tauraro, yadda ƙa'ida ta ce. A gurbi na ƙarshe, na waɗanda suka dawo karatu a wannan zango, an rubuta sifili cikin ɗari.

Mace ɗaya na sani a garin nan mai jin Hausa, wadda ta haura arba'in, take karatun jinya a wannan kwaleji. Ba ni kaɗai na san ta ba. 'Yar unguwar Hausawa ce ta zangon Kumasi, mai 'ya'ya uku. Tun shekarar da ta fara karatu kowa ke kiranta Anti Nas, tsofaffi suna tare ta bayan salla su nuna mata takardar awon jininsu. Mijinta, Alhaji, yana aiki a wani babban sito a titin Wendover, kuma shi ne wakilin masallacinmu a duk zaman da ake yi da kwaleji. Ranar Asabar da ta wuce, a wurin wani suna, na ji shi da kunnena yana cewa a watan Mayu za ta gama. Ita tana can gefe da matata suna zuba abinci a robobi.

Ko mutum ɗaya ne a bayan tauraron ko uku, babu bambanci. Tunda ba wadda ta dawo, ita ma ba ta dawo ba.

A gidan rediyon da na taɓa koyon aiki a gida Najeriya, idan an yi haɗari ba ma faɗin sunan wanda ya rasu sai iyalinsa sun ji. Editanmu ya ƙara da cewa kada kuma mu siffanta mutum yadda ba a bukatar sunan. In ka ce wani malamin makaranta mai jan babur a unguwa kaza, ka riga ka faɗa. Abin da ke kan allon ke nan.

Na fara da hanyar aiki. Na ce gurbin ƙarshe yana tona abin da tauraro ya rufe.

“Ƙa'ida ta ce a rufe adadi,” in ji dattijuwar. “Na rufe.”

“Ta rufe,” in ji sakatare, yana duba takardarsa. “Ni ma haka nake yi. Kai ma haka ka yi bara, ina da naka a nan.”

Gaskiya ya faɗa. Na ce duk da haka ina ganin a cire layin.

“A cire?” Ta mai da tabarau. “Shekara nawa kana damuna da sauransu, sauransu? Mako biyu na yi ina bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuma ka ce a cire?”

“Ni na ce a ware. Ban yi tunanin wannan ba.”

“Wanne?”

Na ga ba wata hanya. Na ce, “Na san ta.”

Sakatare ya ajiye biro. Dattijuwar ta dubi allo, ta daɗe tana dubawa. Ba ta tambaye ni suna ba, ni ma ban tambaye ta ko mutum nawa ne a layin ba.

“Kuma mijinta zai zauna a zaman da za ki je,” na ƙara. “A sahun gaba yake zama.”

“Bai sani ba?”

“Ranar Asabar dai bai sani ba.”

Sakatare ya ce abu mai sauƙi ne, a sa tauraro a gurbin ƙarshe ma. Ya jawo takardar goge hannu ya fara lissafi don ya nuna mana. Bayan minti biyu ya tura ta gefe.

“Ba zai yi ba. Da jimillar da ke ƙasan jadawalin na fitar da shi. In ni mai kaji na iya, kowa zai iya.”

Abin da ya rage shi ne a haɗe layin Hausa da sauran ƙananan layuka a mai da su guda. Dattijuwar ta gwada a kwamfutarta muna kallo. Da aka haɗe, sifilin ya ɓace, domin a sauran akwai waɗanda suka dawo. Amma lambar da ta fito ba ta da kaifin da take so ta nuna wa shugabannin kwaleji. Ta faɗi haka, ta maimaita. Ta ce irin wannan rufa-rufar ce ke sa ba a gyara komai, kuma matan da za su shiga baɗi su ma za su tashi da asuba. Ban musa mata ba, don ba ta yi kuskure ba. Daga ƙarshe ta goge kalmar Hausa da hannunta, ta adana sabon jadawalin.

Muna fita wajen ajiye motoci ta tsaya ta tambaye ni, “Lafiyarta lau?”

“Ban sani ba. Ban ma san ta daina ba sai yau.”

“Yau ma ba ka sani ba,” in ji ta. Ta shiga mota ta kama hanyar Sedgefield.

Ban gaya wa matata ba. Ranar Juma'a bayan salla Alhaji ya tare ni wajen takalma.

“Malam mai ƙirga! Yau mutum nawa ka samu a sahu?”

“Alhaji, ban sa ka ciki ba, ka makara.”

“Ei, ka ji sharrin 'yan Najeriya. Liman bai hau mumbari ba na shigo.” Ya zaro wayarsa ya nuna mini takardar gayyata daga kwaleji. “Ga shi mutanenku sun kira mu. Babbar riga zan sa ko kwat?”

“Babbar riga. Su san an zo.”

“Haka madam ma ta ce. Ka san makarantarta ce.”

Na ce Allah ya taimaka. Na tambaye shi yara, ya tambaye ni gida, muka rabu.

A taron Nuwamba dattijuwar ta yi jawabinta da jadawalin da aka gyara, aka tafa mata a tsaye saboda bankwana. Bayan abincin rana na kawo shawara a matsayina na shugaba: duk inda aka rufe adadi, a rufe kason cikin ɗari, a kuma gwada ko jimilla za ta tona shi. Ban ba da labarin ba, misali kawai na zana a allo da harshen da babu mai yin sa a jihar. Wata daga ƙaramar kwaleji a cikin duwatsu ta ce in haka ne rahotonta gaba ɗaya zai koma taurari, shugabanta kuma zai ce me ake biyanta ta yi. Aka yi dariya, amma da gaske take. Muka shafe yammacin muna gyara jimla ɗaya. Daga ƙarshe aka amince, mutum biyu suka ƙi ɗaga hannu. Sakatare ya rubuta.

Ban je zaman shugabannin baƙi ba, don ba kwalejina ba ce. Juma'ar da ta biyo baya Alhaji ya zo da ƙorafi.

“Malam, ku masu ƙirga kun ci amanarmu. Matar nan ta haska allo, na duba sama na duba ƙasa, babu Hausa. Wai sauransu. Mu ne sauransu? Ga ka a cikinsu kuma!”

“Ka tambaye ta?”

“Na tambaya mana. Ta ce ba mu da yawa. Na ce ta zo suna ta gani.”

“Za a duba, Alhaji.”

“A duba dai. Amma ta yi magana mai kyau a kan fitar asuba. Na ce mata a gidana ma ana fama.”

Dattijuwar ta ajiye aiki a Disamba. A watan Fabrairu, bayan ta samu gurbi a ajin yamma na aikin ɗakin magani, matar Alhaji ta gaya wa mijinta da bakinta cewa ta bar karatun jinya tun bazara. Matata ce ta ba ni labarin muna tsaye a danja a Wendover. Anti Nas ta fara ajin a watan Maris.