Farantan Wanda Jo

Koci Orvel Pickett ya iso garinmu na Mississippi da mata ɗaya, usur a wuya, da kwalaye cike da mota. Kwaleji nawa suka kore shi kafin tamu, shi ma ya daina ƙirgawa. Aikinsa koya wa ƙattin samari su sa kwalkwali, su rungumi ƙwallo, su bangaje 'ya'yan mutane. Ni ce maƙwabciyarsu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Matarsa Wanda Jo tana da farantan tangaran da ta gada wurin uwarta. Tun aurensu suna naɗe cikin jarida, a faranti na roba suke cin abinci.

"Ki fito da su mana, baiwar Allah," na ce mata.

"In fito da su in sake naɗewa? Ni mahaukaciya ce?"

A nan, idan koci ya sha kashi, da safe zai tarar an kafa masa allon "Gidan Sayarwa" a ƙofa. Rashin kunya ce, amma gado ne. Koci bai taɓa fushi ba. Sai ya tuge allon, ya duba katakon, ya ce, "Mai kyau ne." Da allunan nan ya gina wa Wanda Jo akurkin kaji.

Shekararsa ta huɗu akurkin har ya samu baranda. Shugabannin kwaleji suka ce idan makarantar ƙetaren kogi ta doke mu a wasan ƙarshe, ya tattara. Wanda Jo ta tsaya gabansa, ta ce, "Koci, ƙafata ta gama shiga motar kaya. Ka ji da kyau."

Sai ga shi mun ci! Yaran suka juye masa bokitin ruwan ƙanƙara a ka, tsoho yana rawar sanyi yana godiya. Ranar Lahadi Wanda Jo ta kwance farantan, ta soya kifi da burodin masara, ta kira ni. Wallahi har na yi hawaye.

Muna cikin ci waya ta yi ƙara, Koci ya je ya ɗauka. Wata babbar jami'a ce a Texas, sun ga wasan, suna son sa. Da ya ajiye wayar, sai ya fita. Ta taga muka ga ya ɓamɓaro allo ɗaya daga akurkin, kaji suna ficewa, ya kafa shi a ƙofar gida da hannunsa.

"Mayar min da katakona," in ji Wanda Jo. "Kwali biyu ya ishe ka."

Ya mayar, ya buga ƙusa sosai, ya tafi shi kaɗai. Na zage shi har motar ta sha kwana.

Yanzu duk Asabar tana kunna rediyo ta ji wasansa. Idan suna cin nasara, sai ta kashe ta je ba kaji dawa. Idan ana lallasa su kuwa, sai ta miƙe ta sauko da faranti biyu, ta goge, ko za a koro mata shi.