Autar Kajiji

Abin da ya fara ɗaukar idona a ɗakin kakata, Iya Falmata, wasu baƙaƙen ƙulle-ƙulle ne rataye a jikin azara kamar carbi. Kajiji ne, saiwar ciyawar da take tonowa a fadamar Haɗeja in ruwa ya janye. Da shi take haɗa humra, turaren amare irin na danginta Barebari.

Shekarun farko bayan samun 'yancin kai ne. Da an idar da magariba sai mu kewaye kaskon wutarta. Ni soyayya nake zuwa nema: saurayi mai fara'a, budurwa mai idanu kamar madara. Iya kuwa tatsuniya ɗaya gare ta, ita ma ba ta barinta ta yi tafiya.

"Ga ta nan, ku riƙe ta kada ta tashi," in ji ta.

Wai 'yan mata bakwai ne zaune cikin saiwar kajiji. Babbarsu, nauyi gare ta, ko motsi ba ta yi. Autar ta fi su kyau, amma ba ta shiri da rana. Wani masunci ya tono gidansu, ya ji ƙamshin autar, ya ce ya ga matar aure.

"Sai ya aure ta?" na tambaya.

"Aure! Ke ba ki da zance sai aure. Tukuna, a ina ya tono? In a rairayi ne ya yi aikin banza, na laka ake nema."

Daga nan ta shiga yadda ake wankewa, da shanyawa a inuwa, da juyawa safe da yamma, masunci na can tsaye bakin kogi yana jiranmu. Sai garwashi ya yi toka za ta tuna da shi: don ɗoki ya baza saiwar a rana, ya dawo ya tarar autar ta gudu. Ƙurunƙus.

"Iya, wannan ai ba tatsuniya ba ce, faɗa ne!"

"To kawo taki, uwar mafarki."

Ina da shekara goma sha ɗaya aka sa bikin yayata Hajara. Saura mako biyu, kajijin bana bai bushe ba. Iya ta tafi ta'aziyya Kafin Hausa, ni kuma a zuci na hango Yaya tana shiga ɗakinta cikin ƙamshi, ango ya rasa bakin magana. Na kwashe kajijin kaf, na baza kan sabon rufin kwanon Baba. Yini biyu ya bushe ƙayau.

Iya ta dawo, ta karya guda, ta kai hanci.

"Ina autar?"

Na nuna mata rufin kwanon Baba.

"Sau nawa na gaya miki? Kunnenki na wajen ango!"

Fadama ta riga ta ƙeƙashe, babu tono sai baɗi. Jikar mai humra ta tare a gidan miji da turaren kanti. Yaya Hajara ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba.

A makarantar horon malamai a Kano, wani malamin kimiyya ya cika allo da sunaye masu karya harshe. Ya ce man ƙamshin tsiro ba abu ɗaya ba ne, sinadarai ne da dama a haɗe, kuma marasa nauyin su ke fara tashi in zafi ya taɓa su. Haushi ya kama ni. Na baro gida, na hau jirgin ƙasa, don a sake yi mini tatsuniyar Iya, babu ko masuncin!

Iya ta tsufa har hancinta ya daina jin komai, amma ba ta bar humra ba. Duk hutun da na zo, sai ta karya saiwa, ta miƙo mini.

"Shaƙa, uwar mafarki. Tana ciki?"

"Tana ciki, Iya."

"Ke ce za ki sani. Ke kika taɓa korar ta."