Sunan da na laƙaba wa Isyaku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya same ni, Isyaku na unguwar Maamobi ya rasu.

Yaran yanzu sun san shi da Dokta. Ni na laƙaba masa sunan, kuma ba don girmamawa ba.

A unguwar Nima da ke Accra muka haɗu muna samari, 'yan shekaru bayan Ghana ta samu 'yancin kai. Ni ina koyon ɗinki, shi yana dako a kasuwa. Ya fi mu jin Turanci, saboda haka duk Lahadin da muka shiga silima, a tsakiyar benci muke zaunar da shi yana fassara mana.

Wata rana aka nuna wani fim mai rikitarwa. Wata mata ce kullum take zuba abinci kwano biyu, alhali ita kaɗai ce a gidan. Ruwa ya cika ɗakinta har wuya, kifaye suna shiga ta taga, maƙwabta kuwa suna shigowa su fita ba wanda ya jiƙe.

Da muka fito, kowa ya ce aljanun ruwa ne suka aure ta.

Isyaku ya ce, "Babu aljani ko ɗaya. Ruwan a cikin kanta yake. Wani nata ne kogi ya ci, zuciyarta ta ƙi yarda."

Na kwashe da dariya a gaban jama'a, na ce, "Ku ji ɗan dako ya zama Dokta, likitan mahaukata!"

Daga ranar bai ƙara fassara mana fim ba.

Duk da haka, da ruwa ya ɓalle mana a Nima, shi ya ɗauko keken ɗinkina a ka. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, kwana biyar yana kawo mini koko da ƙosai kafin ya wuce kasuwa.

Sai bayan shekaru matarsa Hawa ta gaya mini. Ƙanensa ya nutse a kogi can arewa, wajen Bawku. Mahaifiyarsu ta ci gaba da zuba masa tuwo kullum, tana cewa yanzu zai shigo. Isyaku ya kasa jure gani, ya gudo Accra. Ta rasu bai koma ba.

Ashe uwarsa yake gani a wannan allon, ni kuwa ina dariya.

Na sha yin niyyar neman gafararsa. Kunya ta hana ni.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce na je gidansa, na same shi a ƙofa kan kujerar roba. Na shirya maganar tun a cikin mota. Da na zauna sai muka shiga hirar ciwon gwiwa da tsadar magani. Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Cale, abokina, ka riƙa zuwa mana. Mu biyu kaɗai muka rage."

Na ce sati mai zuwa in sha Allahu. Ban je ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Isyaku, Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da mahaifiyarsa da ƙanensa a Aljanna. Ka ba Hawa da yara haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In kun ɗaga hannu, ku kira shi da sunansa na yanka, Isyaku.