Kujerar Yayana da Zanzaro

Yayana kuku ne a gidan wani Baturen gona, can wajen bariki, kuma tun ranar da ya fara ɗaura farin ƙyalle a ƙugu ya daina ganin kowa da gashi a Moshi Zongo. Mutumin da aikinsa fere dankali ne, amma in ya shigo gida sai ka rantse shi ke riƙe da Tamale.

Wata rana ya shigo da kujera a ka, irin mai naɗewa, katako da tamfol, wadda Turawa ke miƙewa a kai a baranda. Matar Baturen ce ta ce a jefar don tamfol ɗin ya koɗe, shi kuwa ya ce mana kyautar girmamawa ce. Ya kafa ta a gindin darbejiyar tsakar gida, ya ce kada wanda ya kuskura ya zauna. Wai Masta, wato Baturen nasa, ya ce zai zo ya ga gidanmu, kuma a kanta zai zauna.

Lokacin gwiwoyin Mma, mahaifiyarmu, sun kumbura, don ta yi shekaru tana tsugune gaban kaskon ƙosai. Zama a tabarma ba wuya, tashin ne aiki. Sai ta dafa bango, ta dafa ni, tana salati.

Na ce, "Yaya, ka bar Mma ta riƙa zama mana."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Da wannan zane mai warin mai? Ke ba abin da kika sani."

To, Masta bai zo ba, zanzaro ya zo. Ya samu wurin da ba a taɓawa, ya shiga gini a ƙarƙashin madafin hannu da cikin ramukan da ake saƙala ƙafar kujerar. Kullum da safe kafin ya tafi aiki, Yaya zai durƙusa da wuƙa yana kankarar laka, tsutsotsi suna zubo masa a cinya, yana zagi da ɗan Turancin kicin ɗinsa. Ya shafa kananzir, suka dawo. Ya toshe ramukan da kakin zuma, rana ta narkar, ya ɓata tamfol. Ya yi musu hayaƙin barkono, mu muka sha tari, su ko a jikinsu. Kai, na ga abin takaici! Ƙato da gemu yana durƙusa wa katako, bai taɓa durƙusawa ya matsa wa uwarsa ƙafa ba.

Mma ta ce masa, "Ɗan nan, ai don ba kowa a kai ne suke ginin. Da ana zama ana motsa ta, da tuni sun tafi." Ya yi kamar bai ji ba.

Maimakon haka sai ya bi su ya ga inda suke ɗebo lakar. Kowa ya san ruwan garin nan da rani, sai an sha tafiya kafin a samu. Wuri ɗaya ne mai danshi a gidanmu, gindin randa, inda Mma ke alwala. Sai ya kafa doka, daga yau can bayan ɗakuna za a riƙa alwala, kan tsakuwa. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Mma ta ce in yi shiru, namijin gida ne. Kowace salla sai ta ja ƙafa ta zagaya da butarta, ta wuce ta gaban kujerar.

A wannan hanyar ta faɗi, gab da damina. Ba ta ƙara tashi da ƙafarta ba har ta rasu. Ranar zaman makoki dattawan unguwa suna kan tabarmi, kujera tana gefe ba kowa, an goge ta tas, ko Masta zai zo gaisuwa. Ko saƙo bai aiko ba. Bayan 'yan watanni ya tafi hutu ƙasarsu bai dawo ba, wanda ya gaje shi kuma ya zo da kukunsa daga Kumasi.

Yaya ya wurgar da kujerar bayan gida. Ni na ɗauke ta na kai gidan mijina a Aboabo, na ajiye kusa da randa, na hana yara taɓawa. Zanzaro ya gine ta gaba da baya, har ba ta naɗuwa.

Ana ta hidimar 'yancin kai, shekarar da Turawa ke haɗa kaya, Yaya ya zo gidana da sanda. Ciwon Mma ne ya kama shi, gwiwoyin sun yi suntum. Ya tsaya yana haki, idonsa a kan kujerar.

Ya ce, "Ƙanwata, ɗan kankare min ita in zauna. In na sauka ƙasa ba na iya tashi."

Na shimfiɗa masa tabarma a jikin bango, inda zai samu abin dafawa. Na ce, "Akwai masu ita a ciki, Yaya. Bismilla, ga wuri."