Ƙamshin da ya ƙi barin Muhibbat

A unguwar Sabo aka haifi Muhibbat, a Sabo aka yi mata aure. Haɗa humra ta koya wajen wata 'yar Barno da suka yi haya gida ɗaya, sai dai ita ba mai tsayawa inda aka ajiye ta ba ce. Ɓawon lemo take karɓowa wajen masu talla a Mokola, ta shanya, ta daka, ta jiƙa shi da icen sandal ɗin da ta gasa har ya yi baƙi. In ka buɗe kwalbar lemo ne zai fara tararka, can sai hayaƙi ya biyo baya ya zauna. Ta fi shekara talatin tana wannan sana'a, kuma amaryar da aka kai ba humrarta sai an yi ta tsegumi.

Mijinta Maharazu falken goro ne. Motarsu ta kife bayan sun bar Ojoo, gawarsa aka kawo.

Ranar sadakar uku mata sun cika ɗaki, sai uwarsa Iya, tsohuwar da ta daɗe ba ta gani, ta ɗaga hanci.

"Muhibbat, matso nan."

Ta matsa. Iya ta lalubo hannunta ta shinshina, ta yi wurgi da shi.

"Turare. Ɗana ko kwanciya bai gama yi ba, kin shafa turare."

Wata ta riƙe baki. Mai takaba ba ta kusantar turare, ko yarinya ta san da haka. Muhibbat ta ce, "Wallahi Iya, tun ranar ban taɓa kwalba ba." To amma ga ƙamshi kowa na ji, wa zai saurari rantsuwa? Kafin la'asar maganar ta zaga Sabo, har da masu ƙara mata gishiri.

Abin ya girgiza ta, don sai ranar ta gane turaren ya riga ya shige fatarta. Sunanta take so ta wanke, ta kuwa shiga wanki. Ta sa aka kwashe kwalabe da turmi aka kai gidan ƙanwarta. Ta bar ɗakinta ta koma kwana a tabarma kusa da Iya, da aron zane. Kullum ta dirje jiki da sabulun salo da toka har hannuwanta suka sale. Duk da haka in ta kawo kunu sai Iya ta kau da kai ta ce, "Yana nan."

Haka aka ci watanni. Masu surutu suka gaji suka samu wani zancen.

Saura kaɗan ta fita takaba, da safe ta shiga da kunu ta durƙusa gaban tsohuwar kamar kullum. Iya ta ɗaga hanci, ta juya nan, ta juya can.

"Wace ce?"

Tun Muhibbat tana amarya take shiga ɗakin matar nan, ba ta taɓa buƙatar faɗin sunanta ba.

"Ni ce, Iya."

Tsohuwar ta kamo hannun ta kai hanci, ta daɗe tana nema. Ƙamshin ya tafi.

"A rigar Maharazu nake jin ƙamshin nan in ya shigo gaishe ni," ta ce. "Yanzu ina zan ji shi?"